Jerin Haruffan Ƙwayar Gadon Obalbumin da Tarihin Sauyawarta a Kaji: Nazari Dangane da Kajin Gida na Gaɓar Tafkin Kainji

Tsakure

Obalbumin shi ne furotin da ya fi yawa a farin ƙwan kaza, kuma ƙwayar gadon da ke samar da shi tana cikin na farko da masana suka karance harafi bayan harafi. Wannan maƙala ta bi diddigin yadda aka gano tsarin ƙwayar, da yadda ta fito daga dangin furotin masu daƙile enzayim har ta koma tanadin abinci ga ɗan tsako, sannan ta dubi abin da wannan ilimi ke nufi ga kajin gida na Warra, Yauri da Shanga. Matsayin maƙalar shi ne cewa bambancin da ya dace a nema a kajin yankin ba a cikin furotin kansa yake ba, yana cikin sassan da ke kunna ƙwayar gadon da sassan da ba su ɗauke da saƙo. Kuma da yake zakara da kaza duka suna gadar da ita, tana iya nuna tarihin cuɗanyar jini wanda nazarin layin uwa kaɗai ba ya gani.

1.0 Gabatarwa

Kusan kashi 88 cikin 100 na farin ƙwai ruwa ne. Abin da ya rage galibinsa furotin ne, kuma obalbumin kaɗai ya ɗauki kimanin kashi 54 cikin 100 na wannan furotin. Obotiransferin mai kama sinadarin ƙarfe yana da kashi 12, obomukoyid 11, laisozim mai fasa bangon ƙwayoyin cuta bai wuce 3.5 ba. Dukkansu ana ƙera su ne a sashe mafi tsawo na bututun ƙwan kaza, inda gwaiduwa ke yin kimanin awa 3 ana lulluɓe ta da fari kafin ta wuce inda ake yi mata ɓawo.

Manufar maƙalar uku ce: bayyana tsarin ƙwayar gadon obalbumin kamar yadda aka tabbatar da shi, fito da hujjojin da ke nuna asalinta, da kuma tsara tambayoyin da za a iya amsawa da kajin gidan masarautar Yauri. An zaɓi wannan yanki ne saboda dalilai na zahiri da za a yi bayaninsu a sashe na 4.5. A taƙaice, akwai zafi mai tsanani, akwai garuruwan da aka tayar aka sake tsugunarwa bayan kammala madatsar Kainji a 1968, akwai kuma al'adar kiwon kaza da zabo a gida ɗaya.

2.0 Bitar ayyukan da suka gabata

Tarihin binciken obalbumin ya kasu zuwa zamani uku. Na farko zamanin masana sinadarai ne. Franz Hofmeister ya tace shi ya mayar da shi ƙanƙara mai tsabta wajen 1890, abin da ya sa ya zama abin gwaji a ɗakunan bincike da dama, tun da ƙwai ba ya wuyar samu. A 1947 Linderstrøm-Lang da Ottesen, a ɗakin binciken Carlsberg da ke Denmak, suka nuna cewa wani enzayim na bakteriya yana yanke wani ɗan ɓangare na furotin ɗin ya bar saura yadda yake. Ma'anar wannan yanka ba ta fito ba sai bayan shekaru fiye da 30. A 1961 kuma Lush ya wallafa cewa idan aka bi da farin ƙwai ta cikin wutar lantarki a kan daskararren sitaci, obalbumin na wasu kaji yana tafiya daban da na wasu, kuma wannan bambanci gadonsa ake yi. Daga nan aka san nau'in A da nau'in B. Wiseman da wasu (1972) suka gano cewa amino asid ɗaya ne ya raba su, asfarajin a ɗaya, asfatik asid a ɗayan.

Zamani na biyu shi ne na karanta DNA. A 1977 Breathnach, Mandel da Chambon, a birnin Strasbourg na Faransa, suka ba da rahoton cewa ƙwayar gadon obalbumin a tsattsage take a cikin DNA na kaza: saƙon ba a jere yake ba, wasu dogayen sassa sun shiga tsakaninsa. A wannan shekarar ce Sharp da Roberts suka ga irin haka a wata ƙwayar bairos, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1993, amma obalbumin yana cikin misalan farko da suka tabbatar da cewa lamarin ya shafi dabbobi masu ƙashin baya. Ayarin Bert O'Malley a Kwalejin Likitanci ta Baylor da ke Houston a Amurka ya yi ta tsere da na Chambon. Su suka fitar da jerin RNA ɗan saƙo, wato kwafin ƙwayar gadon da ake fassarawa zuwa furotin, a 1978 ta hannun McReynolds da wasu, suka kuma kammala karanta ƙwayar gadon baki ɗaya a 1981 ta hannun Woo da wasu. A shekarar kuma Nisbet da wasu suka kammala jerin amino asid na furotin.

Zamani na uku ya fara da wani abin da ba a zata ba. Hunt da Dayhoff (1980) sun kwatanta jerin furotin da ke ma'ajiyarsu ta kwamfuta, sai suka ga obalbumin ya yi kama da wasu furotin biyu na jinin ɗan Adam, antitirombin mai hana jini daskarewa barkatai da antitirifsin mai kare huhu. Carrell da Travis suka raɗa wa dangin suna serfin a 1985. Bayan fitowar cikakken kundin gadon kaza a 2004, Benarafa da Remold-O'Donnell (2005) suka sake duba reshen da obalbumin yake ciki.

Ayyukan da suka shafi kajin Nijeriya sun bi wata hanya daban. Wanda aka fi ambata shi ne na Adebambo da wasu (2010), waɗanda suka karanta wani yanki na DNA na mitokondiriya daga kajin ƙauyuka a sassa daban-daban na ƙasar, suka tarar galibinsu reshen uwa ɗaya suke, kuma ba su rarrabu bisa yanki ba. Wannan sakamako ingantacce ne a iyakar abin da ya auna. Gyaran da maƙalar nan za ta yi ya shafi yadda ake fassara shi ne, domin mitokondiriya ta wajen uwa kaɗai ake gadonta.

3.0 Hanyar nazari

Wannan nazari ne na rubuce-rubuce da kwatance, bai ƙunshi sabon awon ɗakin gwaji ba. An tattara abin da aka wallafa kan matakai uku, wato jerin haruffan DNA, jerin amino asid, da siffar furotin bayan ya naɗe. An ɗauki magana a matsayin tabbatacciya ne idan matakai biyu aƙalla sun goyi bayanta. Abin da bai kai haka ba an kira shi hasashe. A duk maƙalar, harafi na nufin ɗaya daga tubalan DNA huɗu, A, T, G da C. Ekson shi ne sashen da ke wanzuwa a cikin RNA ɗan saƙo, intoron kuma sashen da ake yankewa a zubar. Makunni shi ne yankin da ke gaban ƙwayar gado, wanda ke ƙayyade lokacin da za ta yi aiki da yawan aikin.

4.0 Tsokaci

4.1 Tsarin ƙwayar gadon

Ƙwayar gadon obalbumin tana kan kuromosom na 2 na kaza. Tsawonta haruffa 7,564 ne, a rarrabe cikin ekson 8 da intoron 7. Bayan an yanke intoron an haɗe ekson, RNA ɗan saƙo da ya rage haruffa 1,872 ne. Ko a cikinsa ma ba duka ake fassarawa ba. Ekson na farko, mai haruffa 47, ba ya ɗauke da umarnin amino asid ko ɗaya, kuma akwai doguwar jela a ƙarshe wadda ita ma ba a fassara ta. Sashen da ke zama furotin haruffa 1,158 ne, kowane uku suna ba da amino asid ɗaya, jimla 386. Ana cire na farkon, sai furotin da ya kammala ya tsaya a 385. Ke nan kimanin kashi 15 cikin 100 ne kawai na ƙwayar gadon ke bayyana a cikin ƙwai, kashi uku cikin huɗu kuwa intoron ne.

Wannan lissafi shi ne ginshiƙin abin da za a faɗa nan gaba. Sauyin harafi a cikin kashi 15 ɗin nan yana iya lalata furotin, don haka ba ya yawan daɗewa a cikin zuriya. Sauyi a tsakiyar intoron kuwa galibi ba ya cutar da kaza ko ɗan tsako, sai ya zauna ana gadonsa tsara bayan tsara. Mai neman tarihi can ya kamata ya duba. Iyakokin intoron ne kaɗai ba su yarda da sauyi ba. Daga wannan ƙwayar gado Breathnach da wasu (1978) suka lura cewa kusan kowane intoron yana farawa da GT ya ƙare da AG, ƙa'idar da daga baya aka tarar ta game tsirrai da dabbobi da mutane.

Furotin kansa yana da nauyin kimanin kilodalton 45. Ana liƙa masa sarƙar sukari a kan asfarajin na 292, da fosfet a kan serin na 68 da na 344, kuma akwai gada ɗaya ta sulfa tsakanin sistin na 73 da na 120. Nan akwai wurin da mai gwaji ke iya ruɗewa. Obalbumin na kaza ɗaya yakan fito a layi uku idan an bi da shi ta lantarki, gwargwadon ko yana ɗauke da fosfet biyu, ɗaya ko babu. Waɗannan layuka ba nau'o'in gado ba ne, kuma bai kamata a haɗa su da A da B na Lush ba.

4.2 Makunni da aikin homon

Kowace ƙwayar jikin kaza da ta zakara tana ɗauke da ƙwayar gadon obalbumin, amma a bututun ƙwai kaɗai take aiki, kuma sai homon ɗin estirojin ya yawaita. Idan aka yi wa 'yar tsakuwa allurar estirojin, bututunta yakan girma ya fara ƙera obalbumin tun ba ta isa saka ba, idan aka daina kuma aikin ya tsaya. A kazar da ke saka, kowace ƙwayar bututun tana iya ɗaukar dubban kwafe na RNA ɗan saƙon wannan furotin ɗaya. Sanders da McKnight sun nuna cewa a gaban ƙwayar akwai yanki mai amsa kiran homon, kimanin haruffa 900 kafin mafari, da wani yankin mafi kusa wanda ke danne ta idan babu homon. Daga wannan makunni ne aka fara gano furotin mai suna COUP-TF, wanda yanzu aka san yana da hannu a ginin ƙwaƙwalwa da jijiyoyin jinin dabbobi masu shayarwa.

Ƙarfin makunnin ya sa masana suka ara shi. A 2007 ayarin Helen Sang a Cibiyar Roslin ta Sikotlan ya samar da kajin da ke zuba furotin na magani a farin ƙwansu ta amfani da shi, kuma a 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Kanuma, maganin da ake tacewa daga farin ƙwan kajin da aka sauya wa gado.

4.3 Asalin obalbumin: serfin da ya daina kamu

Serfin na asali yana aiki kamar tarkon ɓera. Yana da wani maɗauki da ya fito waje, wanda enzayim mai yanka furotin ke gani a matsayin abinci. Da enzayim ya ciza, sai maɗaukin ya fizge ya shige tsakiyar jikin serfin, ya ja enzayim ɗin ya murƙushe shi. Hoton siffar obalbumin da Stein da wasu suka fitar a 1990 da 1991 ya nuna yana da jikin serfin cikakke har da maɗaukin. Enzayim kuma yana cizonsa, wannan ne yankan da aka gani a Carlsberg a 1947. Sai dai maɗaukin ba ya shigewa, enzayim ya yanka ya wuce abinsa.

Babban dalilin yana a gindin maɗaukin. A serfin masu kamu, amino asid ɗin da ke wannan gurbi ƙarami ne, yawanci tireyonin, don ya samu shiga. A obalbumin, gurbi na 339 arjinin ne, mai girma kuma mai cajin lantarki. Yamasaki da wasu a Japan sun maye gurbinsa da tireyonin a ɗakin gwaji, sai maɗaukin ya koma shigewa bayan an yanke shi. Wannan na cikin hujjoji mafi ƙarfi cewa kakan obalbumin mai kamu ne, kuma sauyi kaɗan ne ya raba shi da wannan aiki.

Hujja ta biyu tana cikin maƙwabtansa. Royal da wasu (1979) sun tarar cewa a cikin haruffa kimanin 40,000 akwai ƙwayoyin gado uku a jere, X, sannan Y, sannan obalbumin. Dukkansu suna da ekson 8, intoron ɗinsu suna faɗawa a gurabe iri ɗaya, kuma dukkansu homon ke kunna su a bututun ƙwai. Tsawon intoron da haruffansu sun sha bamban ƙwarai, ekson kuwa sun riƙe kamanninsu. Bayanin da ya fi dacewa shi ne ƙwaya ɗaya ce ta kwafu sau biyu, kowane kwafi ya bi hanyarsa. Yawan aikinsu ma ya bambanta: idan obalbumin ya ba da 100, Y na ba da kimanin 10, X kuma 1. Réhault-Godbert da wasu (2013) sun nuna cewa furotin X yana kashe wasu bakteriya, ciki har da Salmonela da Listeriya, abin da obalbumin ba ya yi. Ke nan ƙaramin cikin ukun ya samu aikin tsaro, babban ya tafi ga yawa.

Hujja ta uku ta fito ne daga kwatanta kaza da mutum, waɗanda zuriyarsu ta rabu kimanin shekaru miliyan 310 da suka wuce. Benarafa da Remold-O'Donnell sun ƙirga serfin 10 na wannan reshe a wuri ɗaya kan kuromosom na 2 na kaza. Mutum yana da 13, a wuri biyu, kuromosom na 6 da na 18, kuma babu obalbumin ko X ko Y a cikinsu. 'Yan wannan reshe galibi a cikin ƙwayar jiki suke zama, ba a fitar da su waje, shi ya sa ba su da alamar fita da sauran furotin masu fita ke ɗauke da ita a goshi ana yankewa. Obalbumin ma ba shi da ita. Palmiter da wasu (1978) sun tabbatar da cewa ba a yanke masa komai na alama, wata alama ce a cikin jikinsa ke fitar da shi. Furotin da kaza ke zubarwa giram-giram a kowace rana har yanzu yana ɗauke da shaidar cewa kakansa ba mai fita ba ne.

Akwai tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta. Idan abinci kawai ake bukata, me ya sa siffar serfin mai wuyar gini ta wanzu? Amsar da ta fi ƙarfi tana cikin abin da Smith da Back suka bayyana a tsakiyar shekarun 1960. Da ƙwai ya kwana, iskar kabon tana fita ta ƙofofin ɓawo, ma'aunin pH na farin ya tashi daga wajen 7.6 zuwa sama da 9. A wannan yanayi obalbumin yana juyewa sannu a hankali zuwa wani nau'i mai jure zafi, wanda ake kira S, kuma sai zafi ya ƙaru da kimanin digiri 8 kafin ya lalace. Yamasaki da wasu (2003) sun gano cewa serin uku, na 164 da 236 da 320, su ke juya fuska. Zafi yana hanzarta juyin, kuma yana faruwa a ƙwan da kaza ke kwanci a kansa, kafin farin ya kwarara cikin jakar ruwan da ɗan tsako ke ciki ya haɗiye shi a mako na biyu. Hasashen da ke nan shi ne wannan juriya ce ke hana abincin ɗan tsako lalacewa a kwanaki 21 na ɗumin kwanci. Hasashe ne mai ma'ana, kuma yanki mai zafi ya fi dacewa da gwada shi.

4.4 Daga dajin Asiya zuwa bakin Kwara

Darwin ya ce a 1868 kazar gida daga jar kazar daji ta Asiya ta fito, kuma DNA ya gaskata shi da ɗan gyara. Wang da wasu (2020), bayan karanta kundin gado 863, sun danganta asalin da reshen jar kazar daji na kudu maso yammacin Sin da arewacin Tailan da Myanmar. Eriksson da wasu (2008) kuma sun nuna cewa launin rawaya na ƙafa daga tokar kazar daji ta Indiya ya shigo. Ƙasusuwan kazar gida mafi daɗewa da Peters da wasu (2022) suka amince da su na Ban Non Wat ne a Tailan, tsakanin 1650 da 1250 kafin Miladiyya. A Afirka an same su a Mezber ta Habasha tun kafin Miladiyya, sannan a Jenne-jeno ta Mali da Kirikongo ta Burkina Faso a cikin shekaru dubu na farko na Miladiyya. Jenne-jeno tana cikin kwarin kogin Kwara da ke ratsa Shanga da Yauri.

Duk wannan tarihi, shekaru 3,500 ko makamancin haka, gajere ne ƙwarai idan aka auna shi da miliyoyin shekarun da suka raba X da Y da obalbumin. Don haka ba a sa ran obalbumin na kazar Warra ya bambanta da na kazar gidan gona sai da amino asid ɗaya ko biyu, ko ma babu. Amma kaza dabba ce mai yalwar bambancin gado. Aikin da ya fito tare da kundin 2004 ya lissafa gurabe miliyan 2.8 masu sauyin harafi ɗaya, kimanin 5 a kowane haruffa 1,000 tsakanin kowane kwafi biyu. A kan wannan ma'auni, ƙwayar gado mai haruffa 7,564 za ta iya ɗaukar gurabe da dama, mafi yawansu a intoron.

4.5 Yankin Warra, Yauri da Shanga

Masarautar Yauri ta ƙunshi ƙananan hukumomi uku na jihar Kebbi: Yauri, Shanga, da Ngaski mai hedikwata a Warra, a gabashin tafkin. Batu na farko ƙaura ce da cuɗanya. Cikar tafkin ta tayar da mutane fiye da 40,000, ciki har da Gungawa mazauna tsibirai, aka gina musu sababbin garuruwa a tudu. Duk wanda ya tashi da iyalinsa da kajinsa ya tashi. A ilimin gado, garken da ya fara da kaji kaɗan yakan rasa wasu nau'o'i ya yawaita wasu ba don amfaninsu ba, sai don sa'a kawai. Cutar Niyukasal da ke share kaji da hunturu tana maimaita wannan tankaɗe kusan kowace shekara. A ɗaya ɓangaren kuma jiragen ruwa suna haɗa kasuwar Warra da ta Malale a ƙasar Borgu, babbar hanyar Kontagora zuwa Jega ta bi ta Yelwa, kuma Fulani makiyaya suna yawo da nasu kajin masu girman jiki. Akwai abin da ke rarraba garke, akwai mai gauraya shi, a ƙaramin yanki ɗaya.

A nan ne gyaran da aka ambata a sashe na 2.0 ya shigo. Tun zamanin mulkin mallaka ake shigo da zakarun Turawa ƙauyukan Nijeriya don inganta kajin gida, kuma a yau ShikaBrown ta cibiyar NAPRI da ke Shika a Zariya, da FUNAAB Alpha ta Abeokuta, da Noiler suna shiga gidaje. Zakaran Noiler ɗaya zai iya barbarar kajin unguwa guda, amma ba zai bar ko harafi ɗaya a mitokondiriyar 'ya'yansa ba. Nazarin layin uwa zai ce garken tsantsar na gida ne alhali rabin jininsa baƙo ne. Obalbumin yana kan kuromosom na 2, kowace kaza tana da kwafi ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Zakara ba ya saka ƙwai, amma rabin umarnin farin ƙwan 'yarsa daga gare shi yake.

Batu na biyu zafi ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a wannan yanki yakan haura digiri 40. Kazar gida tana saka ƙwai 10 zuwa 15 kafin ta kwanta, wato ƙwan farko yana yin kusan mako biyu a akurki ko bayan ɗaki kafin ɗumin uwa ya same shi. Ƙwan gidan ƙyanƙyasa kuwa a ɗaki mai sanyi ake ajiye shi. Juyin obalbumin zuwa nau'in S zai yi nisa a ƙwan farko fiye da na ƙarshe a saka ɗaya, kuma ana iya auna wannan a haɗa shi da adadin da suka ƙyanƙyashe da waɗanda suka zama baragurbi. Sai dai a yi hattara. Ko da an ga wani nau'in gado ya yawaita a Warra, wannan bai isa a ce zafi ne ya zaɓe shi ba, tun da ƙaura da annoba suna iya haifar da hoto iri ɗaya. Kalmar juriya ta yi araha a rubuce-rubucen kajin gida, kuma bai dace a ƙara mata araha ba.

Batu na uku zabo ne. Asalinsa na Afirka ne, zuriyarsa ta rabu da ta kaza fiye da shekaru miliyan 30 da suka wuce, an kuma wallafa kundin gadonsa a 2019. Cibiyar Binciken Tafkin Kainji da ke Sabuwar Bussa, wadda ta zama cibiyar binciken kifi ta ƙasa, ta yi aiki a kansa a shekarun 1980 ta hannun Ayeni da Ayorinde. Kwatanta obalbumin na zabo da na kaza zai nuna guraben da ba su taɓa yarda da sauyi ba. Matan karkara kuma sun riga sun shirya gwaji, domin da damina suna sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai. Ƙwai iri biyu, ɗumi ɗaya, akurki ɗaya, na kaza kwana 21, na zabuwa 26 zuwa 28.

4.6 Tsarin ɗaukar samfuri da ake ba da shawara

Farin ƙwai jikin uwa ne ke ƙera shi, saboda haka yana nuna gadon kazar da ta saka shi, ba na ɗan tsakon da ke ciki ba. Ƙwai ɗaya daga kowace kaza ya isa a tantance nau'in A ko B. DNA kuwa ana samunsa a gindin gashin da aka tsige, ba sai an ɗebi jini ba, abin da zai sauƙaƙa amincewar masu kaji. Kada a sayi samfuri a kasuwa ko wurin mai shayi, domin ƙwan da ke can galibi na gidan gona ne da aka kawo a mota, ragowar kuma ba a san uwarsa ba. A shiga gidaje, a nemi izinin maigida, a yi magana da matan da ke kiwon, su ne suka san wace kaza ta haifi wace da kuma lokacin da baƙon zakara ya shigo.

A raba wuraren gida huɗu: garuruwan da aka sake tsugunarwa a Ngaski, tsofaffin garuruwan tudu a Shanga, unguwannin Yelwa da ke bakin hanya, da rugagen Fulani. Kada a ɗauki fiye da kaza biyu a gida ɗaya, don gudun ƙirga 'yan uwa. A rubuta siffar kowace, ko durgu ce, ko mai wuya ba gashi, ko mai murɗaɗɗen gashi, tare da sanin cewa waɗannan siffofi wasu ƙwayoyin gado ne daban ke haifar da su. A karanta haruffa 1,000 na makunni, da intoron biyu mafi tsawo, da ekson na ƙarshe inda gurbi na 320 da na 339 suke, a yi haka ga X da Y idan kuɗi ya isa. A haɗa da samfurin ShikaBrown da Noiler da zabo don kwatance, kuma a karanta mitokondiriyar kowace kaza tare, domin saɓanin da ke tsakanin sakamakon biyu shi ne ma'aunin jinin baƙin zakaru.

Awon nau'in S yana bukatar a rubuta ranar saka a jikin kowane ƙwai da fensir, a ajiye ma'aunin zafi a wurin da kazar ke saka, a yi zagaye ɗaya da bazara ɗaya da hunturu. Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru ita ce mafi kusa da za ta iya riƙe aikin fili, tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato kuma ta ɗauki tace DNA. Samfurin gashi yana jure tafiya a cikin ambulan busasshe. Farin ƙwai kuwa dole a raba shi da gwaiduwa a sa a ƙanƙara a ranar da aka ɗauka, in ba haka ba juyin da ake son aunawa zai ci gaba a cikin mota.